Darasi na 9: Zafin da Ido Ba Ya Gani: Hasken Infirared Mai Dogon Zango da Lafiyar Jiki

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bayyana mene ne hasken infirared mai dogon zango, ya san abin da yake yi wa jikin mutum da na dabba, ya kuma iya rarrabe amfanin da likitoci suka gwada da alkawarin da 'yan talla suke yi.

Gabatarwa

Duk mai zirga-zirga tsakanin kasuwannin Tchamba, Sokode da Dapaong, ko mai buɗe WhatsApp a wayarsa, zai iya cin karo da tallan wasu kaya da ake cewa suna fitar da hasken infirared mai dogon zango: ɗamarar kwankwaso, awarwaro, safa, katifa, fitila, har da gadon tausa. Ana cewa hasken yana ratsa jiki har ɓargo, yana wanke jini, yana maganin hawan jini da ciwon suga. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu tsoro, waɗanda da sun ji an ambaci hasken da ba a gani sai gabansu ya faɗi, su ce ai shi ne ke kawo ciwon daji. Ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu tushensa ɗaya: sun ɗauki wannan haske a matsayin baƙon abu. Matsayar wannan darasi ita ce infirared mai dogon zango ba komai ba ne illa ɗumin da muke rayuwa a cikinsa tun ranar da aka haife mu. Amfaninsa da aka tabbatar ta hanyar ɗumama jiki yake zuwa, cutarwarsa ma ta nan take zuwa. Don haka tambayoyin da suka dace da shi uku ne: zafin nawa ne, na tsawon wane lokaci, kuma a jikin wa.

Mene ne wannan haske?

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, sai ya ga zafin yana ƙaruwa yayin da ake matsawa wajen ja. Da ya gota jan, ya ajiye ma'aunin a wurin da ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya ƙara hawa. Ta haka aka gane akwai hasken da ido ba ya kamawa amma fata tana ji. Daga baya aka fahimci cewa hasken rana, da igiyar rediyo, da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, duk 'yan gida ɗaya ne, bambancinsu tsawon zango kawai. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango na mita 19 ko mita 25. Zangon infirared ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, har sai an auna shi da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Hasken da ido yake gani yana tsakanin maikiromita 0.4 da 0.7. Daga nan infirared yake farawa, kuma masu auna haske sun kasa shi uku: daga 0.7 zuwa 1.4, daga 1.4 zuwa 3, sai kashi na uku daga 3 zuwa 1000. Wannan kashi na uku shi ne likitoci suka saba kira mai dogon zango, shi ne kuma abin da darasinmu ya sa gaba.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne, kowane abu mai ɗumi yana fitar da wannan haske, kuma zafin abin ne yake yanke yawan hasken da tsawon zangonsa. Rana, da fuskarta ta kai zafin digiri 5,500, ta fi fitar da hasken da ido ke gani. Garwashin kurfoti ya fi fitar da na kusan maikiromita 3. Fatar mutum, da ɗuminta yake wajen digiri 33, tana fitar da na tsakanin maikiromita 9 da 10, wato tsakiyar abin da 'yan talla suke sayarwa. Bangon ɗaki, randar ruwa, ƙasar tsakar gida, buhun masara, duk suna fitar da shi dare da rana. Na'urar auna zafi da aka riƙa nuna wa mutane a goshi a ƙofar asibitoci da ofisoshi lokacin korona, a 2020, wannan hasken take karantawa. Ba ta harba komai cikin kai, karɓar abin da goshi ya fitar kawai take yi ta mayar da shi lamba. Haka kuma shi ne dalilin sanyin asubar hunturu a Dapaong da Tchamba. Tururin ruwa da ke cikin iska yana tare wannan haske ya mayar da wani sashe nasa ƙasa, to idan iska ta bushe kuma babu gajimare, ɗumin ƙasa sai ya tsere sama cikin dare, gari ya waye da sanyi mai ratsa ƙashi.

Yadda halittu suke amfani da shi

Tun kafin ɗan Adam ya san sunansa, wasu halittu sun daɗe suna farauta da shi. Mesa tana da 'yan ramuka a leɓɓanta, har da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa wadda Togo ta shahara wajen fitar da ita ƙasashen waje. Da waɗannan ramukan take jin ɗumin ɓera cikin duhu. A 2010 masu bincike a ɗakin gwajin David Julius, a Amurka, suka nuna yadda abin yake aiki: hasken yana ɗan ɗumama fatar ramin ne, jijiyar da ke wurin ta ji canjin zafin ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Julius ya samu kyautar Nobel a 2021 saboda aikinsa kan yadda jiki yake jin zafi. A 2024 kuma wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka gano cewa sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, cutar da ta yi ɓarna a maƙwabciyarmu Burkina Faso a 2023, yana amfani da infirared na fatar mutum wajen gano inda zai sauka, daga nisan da bai kai mita ɗaya ba, tare da warin jiki da iskar numfashi. A wurin sauro ma ɗumi ne yake taɓa jijiyar da ke kan ƙahonsa. Mai kiwon kaji da ke rataya fitila ko ajiye tukunyar garwashi don 'yan tsaki su samu digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, shi ma da wannan hasken yake aiki. A duk waɗannan misalai, daga maciji har ɗan tsako, hasken sai ya zama zafi tukuna kafin jiki ya san da shi.

Ina iyakar shigarsa jiki?

A nan ne gardama ta fi zafi, don haka a bi a hankali. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, kuma ruwa yana shanye infirared mai dogon zango da sauri ƙwarai. Awon masana ya nuna cewa galibinsa yana ƙarewa ne a saman fata, cikin zurfin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Kowa zai iya gwada wani abu makamancin haka a gida. Ka zauna gaban kurfoti mai jan garwashi da asubar sanyi, za ka ji fuska da ƙwauri sun ɗau zafi alhali bayanka yana karkarwa. Ka ɗaga takardar littafi guda ɗaya tsakanin fuskarka da wutar, nan take zafin fuskar zai ɗauke kamar an rufe ƙofa. Hasken da takarda ɗaya ta tare ba zai ratsa fata da kitse da tsoka ya kai hanta ba. Abin da yake shiga ciki shi ne zafin da hasken ya bari a fata, kuma a hankali yake tafiya. Mai tsire ya san haka: yana kafa tsinke kewaye da wuta a tukuba, bayan naman ya fara gasuwa, cikin kuwa sai da lokaci da juyawa. Bambancin mutum da tsire shi ne mutum yana da jini mai gudu. Da fata ta ɗumama sai jijiyoyin jininta su buɗe, jini ya kwashi zafin ya zagaya da shi jiki. Cikin tsananin zafi jinin da ke bi ta fata yana iya tashi daga abin da bai kai rabin lita ba a minti ɗaya zuwa lita bakwai. Zuciya ta ƙara bugu, gumi ya karyo, tsoka ta saki, raɗaɗin ciwo ya lafa. Wannan shi ne ainihin aikin hasken a jiki, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Wannan bayanin ya amsa wa masu tsoro su ma. Hasken da ke lalata ƙwayar halitta kai tsaye shi ne mai gajeren zango sosai, irin na hoton ƙashi da kuma wani sashe na hasken rana da ke ƙona fata, wanda zabiya suka fi kowa shan wahalarsa. Ƙarfin infirared mai dogon zango bai kai ya tsinka ginin ƙwayar halitta ba, iyakarsa ya motsa ruwan da ke fata ya ɗumama shi. Idan ya yi illa, ta hanyar ƙuna da yawan zafi ne.

Abin da asibiti ya gwada

Amfanin da babu jayayya a kansa yana ɗakin jarirai. Jaririn da aka haifa bai kai wata tara ba, ko mai ƙarancin nauyi, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma sanyi kaɗai yana iya halaka shi. A manyan asibitoci ana kwantar da shi a wani ɗan gado buɗaɗɗe, a samansa akwai sandar da ke fitar da infirared, a kan cikin jaririn kuma an manna wata 'yar waya mai auna zafin fata. Da fatar ta kai yadda ake so sai na'urar ta rage wuta da kanta, da ta sauka sai ta ƙara, idan abu ya kauce kuma ta yi ƙara ma'aikaciyar jinya ta zo. Duk da haka ana lura da ruwan jikinsa, domin ɗumin yana busar da shi. A kula da kyau: abin da ya mayar da wannan haske magani shi ne awo da sa ido. Kuma inda babu na'urar, ƙirjin uwa yana yin aikin. Salon ɗaure jariri tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, wanda likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, an gwada fara shi nan take bayan haihuwa a Gana, Najeriya, Malawi, Tanzaniya da Indiya. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka. Ɗumin da ya fi ceton rai ke nan, kuma ba a biyan ko dala.

Sauran gwaje-gwajen suna da ban sha'awa, amma ba su kai wannan ƙarfi ba. A Jami'ar Kagoshima ta Japan, likitan zuciya Chuwa Tei ya ƙirƙiro wata hanya tun 1989: a sa mai ciwon zuciya a ɗakin infirared mai zafin digiri 60 na minti 15, sannan a lulluɓe shi da bargo ya huta minti 30, a auna nauyinsa a ba shi ruwa daidai gumin da ya zubar. Zafin cikin jiki yakan hau da kusan digiri ɗaya. A gwajin da aka buga a 2016, kan marasa lafiya kusan 150 a asibitoci da dama, waɗanda aka yi wa hakan sun fi iya tafiya kuma numfashinsu ya yi sauƙi, amma awon jinin da aka sa a matsayin babban ma'aunin gwajin bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. A Taiwan, a gwajin da aka buga a 2007 kan masu wankin ƙoda su 145, an haska infirared na minti 40, sau uku a mako, a hannun wasu daga cikinsu, aka ga jijiyar da ake sa allura ta fi daɗewa ba ta toshe ba. Akwai kuma binciken ƙasar Finlan na 2015 da ya bi maza 2,315 har tsawon kusan shekara 20, ya ga masu yawan shiga ɗakin turara jiki sun fi ƙarancin mutuwar ciwon zuciya. 'Yan talla suna son ambaton wannan, sai dai ɗakin na Finlan na gargajiya ne, da duwatsu masu zafi da iska mai zafi, ba fitilar infirared ba. Wato hujja ce ga ɗumi, ba ga wani haske na musamman ba. Kuma a duk waɗannan gwaje-gwaje ba a ce wa kowa ya ajiye maganinsa ba.

Amsa ga masu ja

Mai sayarwa zai ce: to ai ga shi likitocin Japan da Taiwan sun yarda, me ya sa ake kushe kayana? Amsar ita ce na'urorin can suna da wutar lantarki, da ma'auni, da likita a gefe. Awarwaro ko safa ko ɗamarar da aka cusa wa garin dutse ba ta da inda take samun ƙarfi sai jikin mai sanye da ita. Ƙa'ida ce tabbatacciya a ilimin kimiyya cewa akwai iyakar hasken da abu zai iya fitarwa a kowane mataki na zafi, kuma fatar mutum ta riga ta kai kusan kashi 98 cikin 100 na wannan iyaka. Babu dutsen da zai fi fata da wani abin a zo a gani matuƙar ɗuminsu ɗaya. Abin da ɗamarar take yi shi ne tsare ɗumin jiki kada ya fita, aikin da zane mai kauri daga masaƙan Sokode zai yi a kan kuɗi kaɗan.

Mai ilimi kuma zai ce: akwai binciken da ya nuna hasken yana sauya aikin ƙwayoyin jijiyar jini ko da ba su ɗumama ba. Gaskiya ne an ga irin haka a ƙwayoyin da aka raina a faranti da kuma a jikin ɓeraye, kuma bincike ne da ya cancanci a ci gaba da shi. Amma ƙwayar da ke faranti babu fata a kanta, hasken yana sauka mata kai tsaye, abin da ba zai faru ga ƙoda ko zuciyar mutum ba. Sannan yana da wuya ƙwarai a haska ruwa da wannan haske a ce bai ɗumama ko kaɗan ba. Kafin a karɓi kuɗin manomin kashu ko na mai sayar da doya da sunan magani, sai an gwada a kan mutane masu yawa, an kwatanta da ɗumi na yau da kullum, an ga bambanci.

Sai mai shaida, wanda zai ce: ni na hau gadon, kuma na ji sauƙi. Ba a ƙaryata shi ba. Ɗumi yana sassauta ciwon baya da na gwiwa, kwanciyar rabin awa tana hutar da mai gajiya, kuma da yawan ciwon jiki yana lafawa da kansa. Haɗarin yana wajen cututtukan da ba a jin su. Hawan jini yana iya sauka kaɗan na ɗan lokaci bayan ɗumama jiki saboda jijiyoyi sun buɗe, sai ya koma inda yake. Wanda ya ga haka ya ajiye ƙwayarsa, yana iya wayar gari da shanyewar ɓarin jiki. Batun cewa gumi yana fitar da dafi kuwa, kusan kashi 99 cikin 100 na gumi ruwa ne, sauran galibi gishiri. Hanta da ƙoda ne masu tace jini, kuma yawan gumi ba tare da shan ruwa ba ƙoda yake wahalarwa.

A ƙarshe akwai mai kare al'ada, wanda zai ce iyayenmu sun san gashi da wankan jego tun kafin zuwan Bature. Haka ne, kuma darasin nan bai raina wannan sani ba. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka danganta shi da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Daga baya babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya bai samu wannan alaƙa ba, ya fi nuna rama, talauci da hawan jinin masu ciki. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa wankan jego dukan laifin. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ruwan da ya wuce kima yana ƙona fata, kuma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi yake mata wuya in ta kwanta, asibiti take buƙata a ranar, ba ƙarin wuta ba.

Inda ɗumi yake zama cuta

Tun 1947 masu bincike biyu a Amurka, Moritz da Henriques, suka nuna cewa ƙuna ta dogara ne da zafi da lokaci tare. Digiri 44, wanda hannu yake iya jurewa, yana ƙona fata idan ya ɗauki kusan awa shida, digiri 60 kuwa cikin 'yan sakan. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne waɗanda ba sa ji ko ba sa iya faɗa: mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu, mai kuturta, mai farfaɗiya, jariri, da tsohon da barci ya kwashe kusa da wuta. Ga mai suga, ƙunar da ta fara da ɗan bororo a tafin ƙafa tana iya ƙarewa da yanke ƙafar. Akwai kuma illar da take zuwa sannu a hankali. A duba ƙwaurin tsohuwar da ta shekara da shekaru tana zama gaban murhu, ko mai tuyar ƙosai: za a ga wani zane mai gida-gida, duhu-duhu, wanda wanka ba ya fitarwa. Sawun zafi ne a kan ƙananan jijiyoyin fata. Galibi ba ya wuce haka, amma a Kashmir, inda mutane suke rungumar tukunyar garwashi a cikin riga duk lokacin sanyi, likitoci sun daɗe da sanin ciwon dajin fata da ke fitowa a irin wannan wuri. Duk gyambon da ya ɓullo a kan wannan zane ya ƙi warkewa, a kai shi a duba. Kuma a yankin da gawayi yake da yawa kamar Tchamba, dole a maimaita cewa shiga da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga yana kisa, ta hanyar wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi.

Amma infirared da ya fi yi mana illa ba a kasuwa ake sayensa ba, a saman kanmu yake. A watannin Maris da Afirilu, lokacin da zafin Dapaong yake kusantar digiri 40, kwanon rufi yana iya wuce digiri 60 da tsakar rana. Idan babu silin, kwanon yana zubo wannan haske kai tsaye a kan duk wanda ke ɗakin, kuma jikin da ya saba sauke zafinsa ga bango da rufi sai ya koma karɓa. A farkon Afirilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Toure na Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Maganin wannan yana hannunmu, tunda mun riga mun ga abu marar kauri yana tare hasken: silin na katako ko na zana, farin fenti a kan kwano, rumfar ciyawa, tagogi masu fuskantar juna, da bishiyar mangwaro ko darbejiya a yammacin ɗaki.

Abin da ya kamata a riƙe

Iyalin da ke da 'yan kuɗi kaɗan na lafiya su sa su inda aka tabbatar da amfani. Silin a ɗakin da tsoho da jariri suke kwana ya fi katifar talla. Awon jini a kai a kai da shan magani kan lokaci sun fi awarwaro. Don ciwon baya ko gwiwa, tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 ya wadatar, bayan an gwada shi a bayan hannu, kuma ba a gasa sabon targaɗe mai kumburi ko ƙafar da ba ta ji. Mai ciki, mai ciwon zuciya da mai ciwon ƙoda kada su shiga ɗakin turara jiki sai da izinin likita. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi a manna shi a ƙirji, a rufe kansa, a nufi asibitin Tchamba, ko babban asibitin yanki na Sokode ko na Dapaong, ko asibitin yara na Yendube. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Ta yaya Herschel ya gano akwai hasken da ido ba ya gani?
2. Me ya sa infirared mai dogon zango ba ya wuce saman fata, kuma ta wace hanya zafinsa yake kaiwa cikin jiki?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin na'urar ɗumama jariri ta asibiti da ɗamarar da ake talla.
4. Su wane ne suka fi shiga haɗarin ƙuna, kuma don me?
5. Me binciken Zariya ya ce game da wankan jego, me kuma binciken da ya biyo baya ya nuna?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya ari ma'aunin zafi ya auna ɗaki mai kwano babu silin, da ɗaki mai silin, da ɗaki mai jinka, da ƙarfe biyu na rana da kuma ƙarfe tara na dare. Ku rubuta lambobin a allo, ku tambayi kafinta kuɗin yin silin na ɗaki ɗaya, sannan ku kwatanta shi da farashin ɗaya daga cikin kayan infirared da ake talla a garinku. A zama na gaba kowane rukuni zai faɗi shawarar da zai ba maigidan da kuɗinsa ba za su sayi duka biyun ba, tare da hujjarsa.